Haƙorin dorina a tsakiyar hamada: yadda ake gano tsohon yanayin ƙasar Chadi

Shekarar da aka haƙa rijiya a gonar kawuna, can bayan garin Kusiri, ni ne mai jan guga. Aikina in jawo ƙasar da mai haƙa ya cika, in juye a gefe, in mayar masa da gugan. Da farko baƙar laka ce ke fitowa, irin wadda ke tsagewa da rani har ƙafar ɗan akuya ta zurma ciki. Da aka yi kamar gaba biyu sai ta koma yashi mai laushi. Can ƙasa kuma laka ta dawo, amma toka-toka, kuma a cikinta na tsinci ƙananan katantanwa farare, waɗansu ba su kai ƙwayar wake ba, da wata ƙaya wadda duk wanda ya taɓa cin tarwaɗa zai shaida ta. Na leƙa bakin rijiyar na ce, "Baba, kifi a nan ƙasa?" Dattijon ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce, "Yaro, ai da nan duk ruwa ne. Ja guga."

Mutumin nan bai taɓa zama a aji ba, amma abin da ya faɗa daga ramin shi ne abin da masana ƙasa suka tabbatar da na'urori. Shi ya sa nake jin ba daɗi duk sa'ad da rediyo ya ce shekaru dubbai da suka wuce Tafkin Chadi ya kai girman teku, sai wani a majalisa ya karkace hula ya ce, "Wa ya gani?" Tambayar ba laifi ba ce. Mai hankali ba ya karɓar magana don kawai Bature ya faɗe ta. Laifin namu ne da ba mu zauna mun warware yadda aka yi aka sani ba, alhali shaidar tana ƙarƙashin gidajenmu, kuma hanyar karanta ta ba ta yi nisa da sana'ar mai haƙar rijiya, da ta dillalin shanu, da ta mai bin sawu ba.

Tushen aikin mai sauƙi ne. Ƙasa tana kwanciya ne hawa-hawa, na ƙasa ya riga na sama, kuma kowane hawa yana ɗauke da alamar abin da ya kawo shi. Laka mai laushi ba ta kwanta sai a ruwan da ya natsu, kamar tsakiyar tafki ko fadama. Yashi mai tsakuwa aikin kogi ne, don sai ruwa mai ƙarfi ke iya mirgina tsakuwa. Yashin da iska ta tara kuwa daban yake: ƙwayoyinsa kusan kansu ɗaya, sun goge sun yi sumul, kuma idan tudun ya daskare ya zama dutse ana ganin layukansa a karkace, suna nuna ta ina iskar ta riƙa busowa. Idan ka sami bango a gefen kwari da ke nuna yashin iska a ƙasa, laka mai saiwoyi a tsakiya, farar ƙasar tafki a sama, ka ga hamada, sannan bakin ruwa, sannan ruwa mai zurfi, a wuri ɗaya, ɗaya bayan ɗaya.

Wannan farar ƙasar tana da labari, kuma kowa a cikinmu ya shaƙe ta ba tare da ya sani ba. A cikin ruwan tafki akwai wasu ƙananan halittu dangin gansakuka da ido ba ya gani, ana ce musu diyatom. Kowace ɗaya tana da ɓawo mai kamar gilashi. Idan sun mutu ɓawon ya nutse, shekara bisa shekara, har ya taru ya zama wata farar ƙasa mara nauyi mai kamar alli. Kwarin Bodele, can arewa kusa da Faya, shimfiɗe yake da ita. Iskar hunturu tana matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi kamar ruwa a bakin mazurari, ta afka wa wannan ƙasar, ta tashe ta sama. Babu wani wuri guda a duniya da ya kai Bodele fitar da ƙura. Hazon da ke rufe Njamena da Marwa da Kano, wanda ke sa leɓe ya tsage, jirgi ya kasa sauka, babban kasonsa gindin tsohon tafki ne. Wani ɓangaren ma yana tsallake tekun Atlantika. Su kuma diyatom ɗin iri-iri ne, wasu ba sa rayuwa sai a ruwan daɗi, wasu sun fi son mai kanwa, wasu na zurfi, wasu na gefe. Mai bincike yana ɗibar ɗan abin da bai kai cokali ba ya sa a madubin ƙara girma, ya ƙirga ire-iren, ya gane ko tafkin a cike yake a lokacin ko ya fara ƙafewa.

To iyakarsa fa? Ruwa ba ya tafiya bai bar gaɓa ba. Wanda ya san ƙasar da ke tsakanin Limani da Yagwa ya san wani dogon tudun yashi da ya miƙe a tsakiyar fili shimfiɗaɗɗe, ba dutse kusa, ba dalilin da zai sa ya tsaya a nan. Shi ne ya zarce Najeriya ta Bama da Maiduguri. Wannan tudu bakin ruwa ne, igiyar tafki ce ta tara shi. Da aka auna tsawonsa daga matakin teku, aka kuma bi irinsa da hotunan tauraron ɗan'adam a gabas da arewa, wajen Goz Kerki da Angamma, sai aka ga duk suna kan layi ɗaya, wajen mita 320. Tafkin yau yana wajen mita 280 ne. Idan ka cika kwarin Chadi da ruwa har zuwa wancan layin, za ka sami tafki mai faɗin murabba'in kilomita kusan 350,000, wato kusan kashi uku cikin huɗu na ƙasar Kamaru. A Bodele zurfinsa ya haura mita 150. Inda Njamena da Kusiri suke a yau, ruwa ya fi mita 20 a kan rufin gidajenmu. Da ya cika ya batse sai ya sami mafita ta Mayo Kebbi, ya gangara Binuwai, ya wuce ta inda Garwa take, ya haɗu da Neja har teku. A 1987 wani makiyayi yana haƙar rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe, ya ci karo da kwalekwale a ƙarƙashin ƙasa, tsawonsa ya haura mita 8, aka auna shekarunsa suka kai wajen 8,000. Ka ga ba kifi da dorina kaɗai ba ne a wancan ruwa, har da masu tuƙi.

Auna shekarun shi ne abin da ya fi ɗaure wa mutane kai. Duk abu mai rai yana ɗaukar wani nau'in sinadarin kabon da ake kira kabon-14. Ranar da ya mutu ɗauka ta tsaya, wanda ke jikinsa ya fara raguwa a kan ƙa'ida: rabinsa yana tafiya duk bayan shekaru 5,730. A auna abin da ya rage a katantanwa ko gawayi ko katako, a san yaushe abin ya mutu. Sai dai wannan ma'auni ba ya wuce shekaru kamar 50,000, don daga nan abin da ya rage ya yi kaɗan. Shi kuma yashi yana da nasa agogon. Ƙwayarsa tana tara wani ƙarfi a hankali muddin tana binne a duhu, hasken rana kuma ya goge shi. Shi ya sa masu wannan aiki ke buga bututu a jikin tudu su toshe bakinsa, ba za a buɗe ba sai a ɗaki mai duhu, don a san rabon yashin da ganin rana. Da waɗannan hanyoyi aka gano cewa babban tafkin ya yi zamaninsa ne tsakanin shekaru kamar 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce. Kafin nan kuwa, wajen shekaru 20,000 baya, lokacin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin Turai, abin ya juye ne gaba ɗaya: tafkin ya ƙafe, yashi ya gangaro kudu, kuma tuddan Kanem da ake gani jere a gabashin tafki, waɗanda wasunsu suka zama tsibirai, ragowar wancan fari ne.

Dalilin wannan kai-komo yana sama. Duniya tana juyawa ne a ɗan karkace, kuma tana lilo a hankali kamar katantanwar yara idan ta kusa faɗuwa, zagaye ɗaya cikin shekaru kamar 21,000. A wani zangon bazarar arewa tana faɗowa daidai lokacin da duniya ta fi kusa da rana. Ƙasar Sahara ta yi zafi fiye da kima, iskar da ke kanta ta tashi, iska mai laima daga tekun Gini ta kutso ta maye gurbi, damina ta zarce can arewa. Ciyawa ta fito, ƙasa ta yi duhu ta riƙe laima, hadari ya ƙara samun gindin zama. Idan lilon ya koma ɗaya gefen, komai ya ja da baya.

Wannan duk labarin jiya-jiya ne idan aka gwada da abin da ke hamadar Jurab. A can, kamar kilomita 800 arewa da Njamena, iskar da ke kwashe ƙasa tana tone ƙasusuwan da suka zama dutse ta bar su a fili. Tawagar haɗin gwiwar Chadi da Faransa ƙarƙashin Michel Brunet ta fara aiki a wurin tun shekarun 1990. A 1995 suka sami muƙamuƙin wata daɗaɗɗiyar halitta mai kama da mutum, wanda aka laƙaba wa suna Abel, a Koro Toro, mai shekaru kamar miliyan 3 da rabi. Ranar 19 ga Yuli 2001 kuma wani ɗan Chadi, Ahounta Djimdoumalbaye, ya tsinci ƙoƙon kan wata halittar mai kama da mutum, wanda duniya ta sani da Tumai, a Toros-Menalla. Sunan na Goranci ne, ma'anarsa fatan rayuwa. Ba maganar asalin ɗan Adam ce ta kawo ni ba, su kansu masanan har gobe suna jayayya a kan ko halittar nan da ƙafa biyu take tafiya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne dubban ƙasusuwan dabbobin da aka tsinta kewaye da shi, waɗanda jaridu ba su damu da su ba, alhali su ne ke ba da labarin ƙasar.

A wurin da yau ba ko tsinken ciyawa an sami ƙashin giwan ruwa, wasu kifayen sun haura mita guda, da na tsage, da na yauni. Masuntanmu na Bulangwa da Darak ba sa bukatar a yi musu bayani: giwan ruwa ba ya zama a kududdufi, yana son ruwa mai yawa, mai iska, wanda ba ya ƙafewa. Ga kadoji iri-iri, har da mai dogon siririn baki wanda kifi kaɗai yake ci. Ga dorina, ga karen ruwa, ga kififiya, ga mesa. Ga wata dabba da ta ƙare a duniya, 'yar'uwar dorina, ana ce mata Libikosorus, wadda aka sami irinta a Sahabi cikin Libiya, abin da ya sa ake ganin akwai hanyar ruwa tsakanin wuraren biyu a wancan zamani, don dabba irin wannan ba ta ƙetare hamada da ƙafa. Idan da a nan aka tsaya sai a ce tafki ne kawai. Amma fiye da rabin ƙasusuwan masu shayarwa na dangin su mariya da gwanki ne, masu kiwo a fili. Ga dawaki masu kofato uku a kowace ƙafa, ga dangin raƙumin dawa, ga giwaye, ga aladun daji, ga kuraye, ga wata babbar kyanwa mai fiƙa kamar wuƙa. Sannan ga birai masu cin ganye, waɗanda ba sa rabuwa da manyan itatuwa. Kowace dabba ta zo da bukatarta, kuma ƙasar da za ta ɗauke su duka dole ta haɗa ruwa mai zurfi, da fadama, da kurmi a bakin rafi, da fili mai ciyawa. Masanan kan kwatanta ta da dausayin Okabango na Botsuwana. Ni kuwa da na karanta, yayre na tuna, filin ambaliyar Logon a wajen Waza, kafin fari da madatsar ruwa su rage masa ƙarfi.

Sunan dabba kaɗai ba ya isa, don dangi ɗaya kan sauya abinci idan zamani ya sauya. A nan ne haƙori yake shigowa. Wanda ya taɓa tsayawa a kara ya ga yadda dillali ke kama leɓen sa ya buɗe, ya ce wannan ya yi shekara huɗu, wancan ya tsufa haƙoransa sun cinye. Ciyawa ce ke cinye su. A cikin ganyenta akwai ƙananan duwatsu da ido ba ya gani, ga kuma ƙurar da ke manne da ita, dabba ta haɗa duka ta tauna. Saboda haka masu cin ciyawa Allah ya ba su turame dogaye, masu zurfi a cikin dasashi, suna gogewa suna turowa. Masu cin ganyen itace kuwa turamensu gajeru ne masu tsini. Saniya da raƙumin dawa ke nan. Idan a wani hawan ƙasa aka tarar yawancin haƙoran dogaye ne, an san fili ne buɗaɗɗe mai ƙura. A madubi ma ana ganin bambanci: ciyawa tana barin zane-zane a fuskar haƙori, 'ya'yan itace masu tauri suna barin ƙananan ramuka.

Akwai shaidar da ta fi wannan zurfi, ita ce ta fi burge ni. Tsirrai ba hanya ɗaya suke bi wajen sarrafa iska da hasken rana su yi abinci ba. Gero, dawa, masara, rake da yawancin ciyayin ƙasar zafi suna bin hanya ɗaya. Itatuwa, wake, gyaɗa, shinkafa da alkama suna bin wata. Hanyar su gero tana tara kabon mai ɗan nauyi, kabon-13, fiye da ta itatuwa. Dabba ta ci, kabon ya shiga farin ɓawon haƙorinta tun tana ƙarama, ɓawon nan kuwa shi ne abu mafi tauri a jiki, yana iya shekaru miliyoyi bai sauya ba. Sai a kankare ɗan gari kaɗan a auna, a ce wannan gwankin ciyawa zalla ya ci, wancan giwar tana haɗawa da ganye. Ko ni da kai, da za a auna namu, da an rarrabe wanda ya tashi da tuwon dawa da wanda ya tashi da burodi da shinkafa. Da aka yi wa haƙoran dangin Abel wannan awo, sakamakon da aka buga a 2012 ya nuna yawancin abincinsu daga rukunin su gero yake. Ba noma a lokacin, haƙoran kuma ba na kiwon ciyawa ba ne. Masanan suka karkata ga cewa saiwoyi da 'ya'yan ƙasa na ciyayin bakin ruwa suke tonowa, dangin su aya. Duk sa'ad da na ga yarinya da farantin aya a tasha sai wannan ya faɗo mini a rai.

Oksijin ma haka. Ruwan da rana ta daɗe tana duka, mara nauyinsa ne ke fara tashi, mai nauyin ya rage. Kifin da ya rayu a ciki ko dabbar da ta sha shi za ta ɗauki alamar a haƙori. Da aka jera haƙoran kifi daga wurare huɗu na Jurab, Toros-Menalla mai shekaru miliyan 7, Kossom Bougoudi mai miliyan 5 da ɗoriya, Kolle mai miliyan 4, da Koro Toro, sai aka ga alamar ƙafewa tana ƙaruwa daga na farko zuwa na ƙarshe.

Har ƙwari suna da bakin magana. An sami gidajen gara da suka daskare, da dunƙulen kashin da buzuzu ke mirginawa ya binne, da sawun saiwoyin da suka ruɓe ƙasa ta cike gurbinsu. Gara ba ta gini a cikin ruwa, buzuzu kuma ba ya zama inda babu garke. A ƙarƙashin waɗannan duka kuma akwai tuddan yashin iska da suka zama dutse, waɗanda Mathieu Schuster da abokan aikinsa suka bayyana a 2006 a matsayin shaidar hamada tun shekaru miliyan 7. Wasu masana sun ce tuddai a wuri guda ba sa nufin Sahara duka ta kafu, kuma ina ganin suna da hujja. Amma abin da ba a musu a kai shi ne yashi da ruwa sun daɗe suna karɓa-karɓa a wannan kwari.

Auna shekarun ƙasusuwan Jurab ya ba da wahala. A Habasha da Kenya ana samun tokar dutse mai aman wuta a tsakanin hawa-hawan ƙasa, ita kuma tana da sauƙin aunawa. A nan sai aka fara da kwatance: an san yadda haƙoran aladun daji da na giwaye suka riƙa sauyawa a gabashin Afirka, inda aka riga aka san shekaru, sai aka ɗora na Toros-Menalla a kan na Lothagam ta Kenya, aka ce tsakanin miliyan 6 zuwa 7. A 2008 aka gwada wata hanya dabam, ta sinadarin berilyam-10 da ke sauka daga sama ya shiga laka, rabinsa na raguwa cikin shekaru kusan miliyan 1.4, aka sami miliyan 6.8 zuwa 7.2. Hanyoyi biyu da ba ruwan ɗaya da ɗaya suka faɗi kusan abu guda. Duk da haka Alain Beauvilain, wanda ya jagoranci tafiyar da aka tsinci Tumai, ya ce ƙoƙon kan a saman ƙasa aka same shi, ba a cikin dutse ba, don haka shekarun lakar ba lallai su zama nasa ba.

Wannan ƙorafi ya taɓo raunin aikin gaba ɗaya, kuma gara a faɗe shi. Ƙashi ba ya zama dutse sai an binne shi da wuri, binnewa kuma a bakin ruwa ta fi faruwa. Barewar da ta mutu a tsakiyar fili kura ta tauna, rana ta farfasa saura. Dorinar da ta mutu a tabo ta tsira. Saboda haka kullum ƙasusuwa suna nuna ƙasa ta fi ruwa fiye da yadda take. Babban ƙashi yana jurewa, na ɓera ya narke. Iska kuma idan ta kwashe ƙasa mai kaurin mita biyu, sai ta zube ƙasusuwan da dubban shekaru suka raba a fili ɗaya, mai tsinta ya ɗauka maƙwabta ne. Wataƙila biri mai son kurmi da gwanki mai son fili ba su taɓa haɗuwa ba, ɗaya na zamanin damina ne, ɗaya na zamanin fari. Shi ya sa mai binciken kirki yake yi kamar alƙali, ba ya yanke hukunci da bakin mutum ɗaya. Sai laka ta faɗa, haƙori ya faɗa, diyatom ya faɗa, in sun yi daidai a karɓa, in sun saɓa a koma fili.

Sun kuwa taɓa saɓawa a kan tambayar da ta fi shafar mu: da babbar damina ta ƙare, farat ɗaya ta yanke ko a hankali? Lakar da aka haƙo daga gindin teku kusa da Muritaniya ta nuna ƙura ta ƙaru kwatsam wajen shekaru 5,500 da suka wuce. Sai Stefan Kröpelin na jami'ar Kolon ta Jamus ya je Uniyanga Kabir, inda tafkin Yowa yake zaune a tsakiyar hamada, ruwan sama kusan babu, rana na shanye wajen mita 6 a shekara, amma bai ƙafe ba saboda tsohon ruwan ƙarƙashin ƙasa na ciyar da shi. Gindinsa yana ajiye siraran layuka, na kowace shekara daban, ana ƙirga su ɗaya-ɗaya. A cikinsu akwai bununin tsirran da iska ta kawo, kuma kowane tsiro da siffar nasa. Abin da aka buga a 2008, na shekaru 6,000, ya nuna itatuwa sun fara ja da baya, ciyawa ta biyo, ruwan ya koma na gishiri wajen shekaru 4,000 da suka wuce, hamada irin ta yau ba ta kankama ba sai wajen 2,700. A hankali ke nan. Amma da Simon Armitage da Charlie Bristow da Nick Drake suka auna yashin tsofaffin gaɓoɓin babban tafkin, a 2015 suka ce shi kam ya faɗi da sauri wajen shekaru 5,000 baya, kuma Bodele bai bushe sarai ba sai kamar shekaru 1,000 da suka wuce, don kwarin Bahar el-Gazal ya ci gaba da kai masa ruwa lokaci-lokaci. Ni ban ga dole sai ɗaya ya yi ƙarya ba. Yowa yana ba da labarin ciyawar da ke kewaye da shi ne, shi kuwa babban tafki ruwansa daga kudu yake zuwa, kamar yadda har yau fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan Tafkin Chadi daga kogunan Shari da Logon yake. Mai tsaye a Faya da mai tsaye a Sar can kudu ba damina ɗaya suke gani ba.

Iyayenmu sun ga tafki mai murabba'in kilomita 25,000 a 1963, sun ga farin 1973 da na 1984 sun mayar da shi ƙasa da kashi ɗaya cikin goma, har aka kafa ƙauyuka a inda da ake jefa taru. Mu kuma mun ga ambaliyar 2022 da ta 2024 sun shiga unguwannin Njamena da Kusiri da Yagwa. Akwai masu jin labarin tsohon tafki su ce ashe sauyin yanayi ba sabon abu ba ne, a daina damun mu. Wannan fahimta ta ba ni tsoro. Lilon duniya yana ɗaukar dubban shekaru, mutanen wancan zamani kuma kaɗan ne, ba iyaka, ba takardar fili, ruwa ya ja su bi shi da shanunsu, kamar yadda zanen shanu a duwatsun Enedi ke nunawa. Ɗumamar yau daga hayaƙi take, cikin shekaru ɗari da 'yan kai, kuma miliyoyin mutane ne ke cin abinci a wannan kwari. Abin da laka ta nuna shi ne tafkinmu faranti ne mara zurfi, ƙaramin sauyi a damina yana matsar da bakinsa tafiyar kwanaki, gaba ko baya. Masu na'urorin hasashen yanayi ma da wannan tarihi suke gwada na'urorinsu, kuma yawancinsu sun daɗe suna kasa fitar da ruwan sama mai yawan da shaidar ƙasa ta nuna an yi a Sahara.

Ƙasusuwan Jurab suna ajiye a cibiyar bincike ta ƙasa a Njamena, kuma 'yan Chadi da dama sun yi digiri a kansu. Amma fannin bai shigo cikin zancenmu na Hausa ba, ba a makaranta ba, ba a rediyo ba. Kullum kuma ana huda ƙasa a garuruwanmu. A unguwarmu kaɗai ban san adadin foraj, wato rijiyar burtsatse, da aka yi a 'yan shekarun nan ba, mita 40, mita 60, injin na amayo laka kala-kala, yara na wasa a ciki, da yamma a share a tura kwata. Kwanaki na tsaya wajen wani mai haƙa na roƙe shi ya riƙa ɗibar mini cikin hannu ɗaya duk bayan bututu guda. Ya dube ni ya ce, "Malam, magani za ka haɗa?" Na ce a'a, ajiyewa zan yi. Leda goma sha huɗu na samu, na rubuta zurfin kowace da alƙalami a jiki. Ta shida da ta bakwai farare ne, ba nauyi, suna manne wa yatsa kamar alli.